Tambaya da Amsa: Manifol ɗin motar gas ya toshe, notuna sun lalace, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da bas ƙirar Toyota HiAce, irin wadda ake kira Homa, mai injin gas 2KD, kuma ina jigilar kaya da ita tsakanin Kano da Maraɗi. A 'yan watannin nan ƙarfinta ya ragu ƙwarai, musamman idan tana ɗauke da lodi a kan hawa, tana fitar da baƙin hayaƙi idan na taka totur, kuma shan manta ya ƙaru. Makanikena ya cire tiyon iska ya haska ciki, sai muka ga bakin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ya cika da wani baƙin abu mai danƙo. Ya ce sai an sauke shi an ƙona shi da wuta. Da ya fara kwancewa, kan noti ɗaya ya lashe, ɗaya kuma ya karye a cikin raminsa, sai na ce a dakata tukuna. Ina roƙon a bayyana mini yadda ake wannan aiki ba tare da ɓarna ba, da kuma inda zan samu notunan da suka dace. Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, dakatar da aikin da ka yi shi ne daidai, domin abin da ya lalace zuwa yanzu notuna biyu ne kawai, alhali idan aka ci gaba da ƙarfin tuwo abin da zai biyo baya shi ne tof silinda, wato murfin saman injin da manifol ke ɗaure a jikinsa, wanda a wannan injin na alminiyom ne, kuma kuɗinsa ya ninka na aikin gaba ɗaya.

Injin 2KD-FTV mai silinda huɗu ne da bawul 16, girmansa cc 2,494, kuma yana cikin injinan da Toyota ta sa wa samfurin HiAce da ya fara fitowa a 2004. Baƙin abin da kuka gani ya samo asali ne daga haɗuwar abubuwa biyu waɗanda kowannensu shi kaɗai ba ya toshe hanya. Na farko hayaƙin salansa ne, wanda bawul ɗin EGR ke maido da wani kaso nasa cikin manifol don rage zafin ƙonewar mai, domin tsananin zafin ne ke haifar da iskar nan mai cutar da huhu da ake kira NOx. Na biyu tururin baƙin mai ne da ke fitowa daga cikin injin ta tiyon numfashi, ya bi ta tobo, mai cusa wa injin iska da matsi, da na'urar sanyaya iska har ya iso manifol. Busasshen ƙunar hayaƙi yana iya wucewa, tururin mai ma yana iya wucewa, amma idan suka haɗu sai su zama kamar kwalta, su manne a bango, su yi ta kauri har hanyar iska ta ƙuntata. Injin gas kuwa da yalwar iska yake aiki, don haka idan iska ta yi ƙaranci man da nozul ke fesawa ba ya ƙonewa duka, sai ya fita a matsayin baƙin hayaƙi, wani kason wannan hayaƙin kuma ya sake dawowa ta EGR ya ƙara toshewar. Yawan barin mota tana aiki a tsaye a tasha ana jiran lodi da tafiyar cunkoso suna hanzarta matsalar, saboda a irin wannan yanayi ne bawul ɗin EGR ya fi zama a buɗe.

Tun da an riga an ga toshewar da ido, babu shakka ana buƙatar wankin, sai dai ina ba da shawarar a duba filtar iska da tiyoyin tobo, a kuma sa na'urar kwamfuta ta karanto lambobin matsala kafin a cire batir. Lamba irin P0401 tana nuna hayaƙin EGR ba ya gudana yadda ya kamata, kuma sanin abin da kwamfutar motar ta gani tun farko yana taimakawa wajen gane ko wankin ya magance komai ko da saura.

A wannan mota injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, kuma ɗaga kujerar fasinja kaɗai ba ya ba da isasshen wuri, don haka a cire kujerar direba da farantin da ke ƙarƙashinta tun daga farko. Yawancin kawunan notunan da ke lashewa suna lashewa ne saboda an sa soket a karkace a wuri mai matsi, kuma rabin sa'ar da za a ɓata wajen buɗe wuri ta fi araha. A bar injin ya huce sarai, a cire wayar batir ta baƙi, a wanke ƙurar da ke kewayen wurin, sannan a ɗauki hotuna da waya kafin a taɓa ko tiyo ɗaya, musamman ƙananan tiyoyin da ke zuƙar iska, domin suna kama da juna kuma idan aka musanya su motar ba za ta yi daidai ba. Idan samfurin naka yana da na'urar sanyaya hayaƙin EGR, ruwan lagireto yana ratsa ta, saboda haka sai an rage ruwan kafin a cire tiyoyinta. A samu kwali a zana siffar manifol ɗin a kai, duk notin da aka cire a huda kwalin a soka shi a daidai gurbinsa, domin notunan wannan wuri, idan aka haɗa da na EGR da na ƙarafan tallafi, tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne bututun ƙarfe da ke kai mai daga babban bututun matsi zuwa nozul, waɗanda sai an cire su kafin manifol ya fito. Matsin man da ke cikinsu idan injin yana aiki yana iya haura 1,300 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali iskar tayar bas ɗinka ba ta wuce bar 3 zuwa 4 ba, don haka ba a kwance su sai injin ya daɗe a kashe. Da zarar an cire kowane bututu a rufe bakinsa da bakin nozul da leda mai tsabta a ɗaure, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya lalata nozul. Kada a lanƙwasa su don neman hanya, kuma idan bakin wani ya nuna alamar rauni a sauya shi. Da manifol ya rabu da tof silinda, abu na farko shi ne a cusa tsumma mai tsabta a kowace ƙofar iska, a kuma ƙirga tsummokaran da aka sa don a ƙirga su lokacin cirewa. Washa ko gutsuren noti da ya faɗa cikin ƙofar da bawul ɗinta yake buɗe zai sauka a kan fistin, kuma a injin gas tazarar da ke tsakanin fistin da tof ƙarama ce ƙwarai, ba ta da wurin ɓoye komai.

Game da ƙonawa da wuta, ban yarda da ita ba ko kaɗan, duk da na san ta yaɗu a garejinmu saboda tana da sauri. Alminiyom yana narkewa a kusan digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma tun kafin a kai can zafin da bai game jiki daidai ba yana karkatar da fuskar da ke zama a kan gasket, kuma fuskar da ta karkace ba za ta ƙara riƙe matsin tobo ba komai ƙarfin ɗauri. A samfuran da ke da ƙananan faifan juya iska a cikin manifol kuwa, wuta tana cinye robobin da sandarsu ke juyawa a kai. Haka nan a guji sodar yin sabulu, domin tana cin alminiyom, a kuma guji fesa yashi da iska, saboda yashin yana maƙalewa a lungunan da ido ba ya gani har sai injin ya zuƙe shi. Hanyar da ta dace tana cin lokaci amma ba ta da wuya. A fara cire duk wata na'ura mai waya daga jikin manifol, a kankare kaurin dattin da katako ko roba mai ƙarfi, a jiƙa shi cikin kananzir ko man gas ya kwana, a goge ciki da buroshin wanke kwalba, sannan a wanke da ruwan zafi da garin sabulu, a kai wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi har ruwan ya riƙa fitowa fari. Bawul ɗin EGR da maƙogwaron totur ba a tsoma su cikin ruwa, ana goge su ne da hannu ba tare da jiƙa ɓangaren lantarki ba. Na'urar auna matsin iska da siririn tiyonta ma a duba su, domin idan sun toshe kwamfuta tana samun labarin ƙarya game da ƙarfin tobo.

Busarwa tana da muhimmancin da mutane ba sa ba ta. Injin gas yana iya ƙona duk wani mai da ya shigo ta hanyar iska, don haka kananzir ɗin da ya kwanta a lungun manifol zai iya sa injin ya hau gudu da kansa ko da an kashe makulli, ruwa kuwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda da yawa yana lanƙwasa sandar fistin. A hura manifol ɗin da injin iskar mai faci, a shanya shi a rana, a kuma jujjuya shi a tabbatar babu abin da ke ɗiga. Ƙofofin iskar da ke jikin tof su ma suna da datti, kuma ana tsabtace su ɗaya bayan ɗaya, bayan an juya injin da hannu har bawul ɗin wannan silinda ya rufe, ana kankarewa a hankali ana zuƙe dattin waje.

Sai batun notunan da suka lalace. Wanda kansa ya lashe, a fesa masa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa, a nemi soket mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba, a buga shi ya zauna sosai, ko a yi amfani da soket na musamman mai haƙora a ciki. Wanda ya karye kuwa, idan akwai ragowarsa a waje bayan an zare manifol, hanya mafi inganci ita ce mai walda ya ɗora macen noti a kan guntun ya cika tsakiyarta da walda, domin zafin yana sassauta tsatsar, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom. A tabbatar batir a cire yake, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin, a kuma rufe ƙofofin iska da abin da ba ya kama wuta. Idan ya karye can ciki ne, aikin na mai dirila ne da ya ƙware, wanda zai huda daidai tsakiya. Ina jan kunne game da siraran ƙarafan nan na zaro karyayyen noti, domin suna da tauri amma suna da saurin karyewa, kuma idan ɗaya ya karye a ciki bakin dirila na yau da kullum ba ya cin sa. Idan zaren ramin ya lalace, gyaran da ya dace shi ne a sa masa zaren waya irin na Helicoil, wanda ke maido da ramin girmansa na asali, maimakon a tura noti mafi kauri da ƙarfi.

Wajen neman madadi ne aka fi yin sakaci, saboda ana ganin noti ai noti ne, in dai ya shiga rami. Abubuwan da ake dubawa su ne kauri, tazarar zare, tsayi, ƙarfi da siffar kai, kuma kowanne yana da dalilinsa. Notin da Toyota ta fi amfani da shi a irin wannan wuri shi ne M8, wato mai kaurin milimita 8, da tazarar zare milimita 1.25, kuma kansa na sifana 12 ne, yana da faffaɗan gindi da ke aikin washa. Notin M8 da ake sayarwa a shagunan kayan gini kansa na sifana 13 ne, zarensa ɗaya ne da na Toyota, amma galibi ba shi da wannan faffaɗan gindi, don haka yana cin jikin alminiyom idan aka ɗaure. A kan M10 kuwa bambancin ya fi haɗari, domin na Toyota tazarar zarensa 1.25 ce da kan sifana 14, na kasuwa kuma yawanci 1.5 ne. Akwai kuma notin awon inci mai kaurin 5/16, wanda kaurinsa milimita 7.94 ne, ido ba ya bambanta shi da M8, amma tazarar zarensa kusan 1.41 ce, yana shiga zagaye biyu ko uku lafiya sannan ya cije, mai ɗauri ya ɗauka tsatsa ce ya ƙara ƙarfi, zaren tof ya tafi. Gwajin da ba ya buƙatar kayan awo shi ne a haɗa zaren tsohon noti da na sabon gefe da gefe a ɗaga su ga haske. Idan iri ɗaya ne haƙoransu za su shige cikin juna ba tare da haske ya ratsa ba.

Ana auna tsayi daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe, ban da kan. Notin da ya yi tsayi yana taɓa ƙasan rami kafin ya danne manifol, sai hannu ya ji ya ɗauru alhali gasket a sake yake, bayan 'yan kwanaki a ga baƙin mai yana tsattsafowa a gefen kuma ana jin huci idan tobo ya ɗauka. Wanda ya gaza kuma zare kaɗan yake kamawa, kuma a cikin alminiyom ana son noti ya shiga zurfin da ya kai kusan ninki biyu na kaurinsa. Ƙarfi kuwa a kan notin ake rubuta shi. Lamba 8.8 ita ce ta dace da irin wannan aiki, 10.9 ta fi ta ƙarfi amma ba ta ba da izinin ƙara ɗauri, tun da zaren alminiyom ne zai fara sallamawa. Notin da aka rubuta wa 4.6 ko 4.8, ko wanda ba a san asalinsa ba kuma babu komai a kansa, a bar shi ga masu ƙofa da taga. Notunan Toyota na asali suna da nasu tsarin alama, lamba ɗaya kamar 7 ko 8 ko kuma 'yan layuka. Notin silba marar tsatsa yana da kyan gani, amma ban ba da shawararsa a nan ba, domin yana da halin cijewa a cikin zare, kuma zamansa cikin alminiyom inda danshi ke shiga yana sa alminiyom ɗin ya ci.

Wuri na farko da za a nema shi ne wurin dillalan kayan Toyota na asali, a je da lambar shasi, domin da ita ake fito da lambar kowane noti da kowane gasket daidai da samfurin motar, kuma lambobin notunan Toyota masu lamba goma galibi da 90 ko 91 suke farawa. Idan hakan bai samu ba, zaɓi na biyu shi ne notunan da aka kwance daga wani injin KD a wurin masu sayar da kayan Beljiyam, kamar a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. A tafi da lafiyayyen noti daga cikin na motar a matsayin samfuri, a duba cewa zaren wanda za a saya bai miƙe ko ya sirance a tsakiya ba. Tun da biyu sun riga sun ba da matsala, ra'ayina shi ne a sauya dukkan na manifol ɗin, har da sandunan zare marasa kai da ke dashe a jikin tof idan tsatsa ta ci su, saboda zafi da shekarun da suka raunana biyun sun ratsa sauran ma.

Wajen mayarwa a sa sabon gasket, kada a shafa gam a maimakonsa, a kuma ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a kan fuskar manifol a ga ko ta kwanta daidai. A hure kowane ramin noti ya bushe, domin mai ko ruwan da ya taru a rami marar mafita yana iya tsaga alminiyom idan noti ya matse shi. Kowane noti a fara shigar da shi da yatsu har ya yi nisa, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe a zagaye biyu, da sifana mai awon ɗauri, bisa adadin da littafin gyara na Toyota ya bayar. Ga notin M8 adadin yana tsakanin newton-mita 20 da 30 ne, wanda bai kai abin da hannun makanike ya saba bayarwa ba, kuma shafa wa zare mai yana sa awo ɗaya ya ja noti fiye da kima. Bayan an haɗa komai a danna famfon hannu da ke kan filtar mai har ya yi tauri, a tayar da injin, a nemi yoyon bututun nozul da guntun kwali, ba da yatsa ba, domin man da ke fita da wannan matsi yana huda fata.

Wasu za su ce a toshe EGR da faranti a huta. Hakan yana rage dattin, amma yana ƙara iskar da ke cutar da duk wanda ke tsaye a bayan motar a tasha, kuma a wasu samfuran yana kunna fitilar gargaɗi. Na fi son a bi tushen matsalar, a gwada nozul, a sauya washar tagulla da ke ƙarƙashinsu idan tana yoyo, wadda sananniyar matsala ce a injinan KD, a duba ko tobo yana zubar da mai, a riƙa sauya filtar iska da wuri a lokacin hunturu, a kuma rage barin injin yana aiki a tsaye.

TAMBAYA: Salam. Ni Sprinter nake tuƙawa a Kumasi, mai injin OM651. An ce manifol ɗina na roba ne. Shin wankinsa ɗaya ne da na ƙarfe, kuma zan iya sa notunan Toyota idan nawa sun ɓata? Daga wani direba, Kumasi.

AMSA: Wa alaikas salam. Gaskiya ne, injin OM651 mai cc 2,143, wanda Mercedes ta fara sa wa Sprinter a 2009, manifol ɗinsa na roba ne mai jure zafi, don haka batun wuta ko tina bai ma taso ba. Ruwan ɗumi da sabulun cire maiƙo da buroshi mai laushi sun isa. Kafin a ɓata lokaci wajen wanki a duba jikinsa da kyau a cikin haske, domin irin wannan manifol yana tsagewa, kuma wanda ya tsage sauya shi ake yi, liƙi ba ya riƙe matsin tobo. Zobban robar da ke bakin kowace ƙofa a sa sababbi. Notunan Mercedes kansu mai siffar tauraro ne, ana kwance su da soket ɗin Torx na waje mai lamba irin E10 ko E12, kuma tura musu soket na yau da kullum shi ke lashe su. Ko da zaren notin Toyota ya zo ɗaya, tsayinsa da faɗin gindinsa ba lallai su dace da ƙaramin bututun ƙarfen da ke cikin ramin robar ba, wanda shi ke hana noti murƙushe ta. Ka je Suame Magazine a nan Kumasi ko Abossey Okai a Accra da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da kuma samfurin noti ɗaya, ka nemi na Mercedes, waɗanda lambarsu ke farawa da A ko N. Idan notin M6 ne, ɗaurinsa bai wuce kusan newton-mita 10 ba, don haka a yi amfani da ƙaramin sifana mai awo, a bi daga tsakiya zuwa gefe.